Tawadar da Na Ɗauko wa Baba Daga Injamena

Tun ranar da na dawo daga Injamena ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai a tare ni, a zumuntar mata a tare ni, har mai ƙosan bakin layinmu a unguwar Moduganari, nan Maiduguri, sai da ta tsayar da ni da matsami a hannu ta ce, "Malama Rifkatu, wai da gaske iyaka biyu kika tsallake saboda tawada?" Da gaske ne. Bakina ya gaji da maimaitawa, don haka ga shi a rubuce, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Babana tsohon akawu ne. Yana da wani littafi mai baƙin bango wanda tun yana saurayi yake rubuta duk wanda aka haifa, ko ya yi aure, ko ya rasu a zuriyarmu, tun muna ƙauyenmu a kudancin Borno har muka watsu a garuruwa. Da alƙalami ɗaya tak ya yi duk wannan aiki, irin mai shan tawada daga kwalba, da tawada iri ɗaya mai ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshen dabino. Sunan da ke jikin kwalbar ba ya faɗuwa a bakinmu, shi ya sa Baba yake ce mata 'yar dabino. Da sassafe yake rubutunsa, ƙofa a rufe, kuma mu yara ko kusa da teburin ba ma zuwa.

Da ambaliya ta shigo gari, Baba ya fita da littafin a ka da alƙalamin a aljihu. Kwalbar ƙarshe kuwa ruwa ya tafi da ita. Bayan wata biyar Mama ta rasu. Aka yi jana'iza, baƙi suka watse, shekara ta zagayo, sunanta bai shiga littafin ba.

Na sayo masa baƙa, na sayo masa shuɗiya. Ko buɗe su bai yi ba.

Ya ce, "Rifkatu, iyayenta suna ciki, 'ya'yanta biyu da muka binne suna ciki, dukansu da launi ɗaya. Ita kaɗai zan ware?"

Na so in yi faɗa, don ni a lokacin rigimar tsufa na ɗauke ta. Sai likitan ido ya kira ni gefe ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa a hankali. Ya ce in akwai abin da tsohon yake so ya rubuta da hannunsa, kada a bari damina ta same shi bai yi ba. A nan faɗa ya fita daga raina, na ɗaura ɗamarar nema.

Na fara da Kasuwar Litinin, wurin Alhaji Sani mai littattafai, wani Bakano da ya fi shekara talatin yana sayar wa Baba takarda. Ya ce ai kamfanin ya daina yin ta tun kafin a haifi 'yar autarsa. Ashe shi kansa yana cikin wani zaure a waya na masu son alƙalamin tawada, likitoci da lauyoyi da tsofaffin malamai daga ƙasashe daban-daban, mutanen da za su yini suna musu a kan launi ɗaya. Ya ce wannan tawadar a wurinsu kamar tsohon zinare take, wanda yake da ita ba ya faɗa. Bayan mako biyu ya kira ni. An sami wani Malam Abdraman a Injamena, tsohon malamin kimiyya, yana da kwalba biyu. Amma ba ya sayarwa, ba ya kuma aikawa a mota, domin ya taɓa aika wa wani, sai ya tsinci kwalbarsa ana gwanjonta a waya. Mai so sai ya zo da ƙafarsa, da rubutun da aka yi da ita a hannu.

Alhaji ya ce, "Malama, ki haƙura. Hanyar nan ba ta mace ita kaɗai ba ce."

Na ce, "Alhaji, ba ni adireshin."

Baba ya ce littafin ba zai bar ɗakinsa ba. Sai ya ciro wata tsohuwar wasiƙa da ya rubuta wa Mama suna neman aure, ya sa ni rantsuwa ba zan karanta ba. Ya gargaɗe ni da abu uku: kada in girgiza kwalbar, kada in bar ta a rana, kuma in sunsuna, in ta yi warin ruɓa in bar ta. Akwai abu na huɗu da bai gaya mini ba, shi ne ya kusa ɓata tafiyar gaba ɗaya.

Ranar Litinin ta farkon hutu na isa tashar Muna tun kafin bakwai. Wanda bai san hanyar Gamboru ta bakin iyaka ba zai ɗauka cika mota shi ne tashi. A'a. Sai motoci sun jeru, an jira sojojin rakiya, sannan a tashi gaba ɗaya. Mun shiga mota da bakwai, ba mu motsa ba sai wajen sha ɗaya. A wannan zaman na san wadda ake kira Ya Falmata, wato Yaya Falmata, wata Babarbariya mai fataucin kayan turaren wuta, wadda ta cinye kujerarta da rabin tawa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga takalmin coci da jakar malaman makaranta, ta gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, 'yata. Ke kam ba 'yar kasuwa ba ce. Biki ne ko rasuwa?"

Na ba ta labari. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce a Yerwa, wato Maiduguri, akwai malamai ɗari da za su dafa mini tawada kafin azahar, da ƙaro da komai. Na ce irin wannan tana toshe alƙalamin Baba. Da na kai ga maganar Mama da idon Baba, sai dariyar ta tsaya. Ta ɓare goro ta miƙa mini rabi, ta ce, "To daga nan har Injamena ke tawa ce."

Hanya dai kun san ta ko a labari. Kafin Dikwa da dama-dama, bayan Dikwa kuwa ramuka ne aka yi wa ado da kwalta. A kowane shinge sai mu sauka mu taka da ƙafa, mu hau can gaba. Tayarmu ta fashe sau ɗaya, direba ya canza ta da saurin da ban taɓa gani ba, domin ba mai son ayari ya bar shi a wannan dajin. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mun shiga Gamboru da la'asar sakaliya, muka sauka gidan ƙanwarta, aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi. Na ci har na ji kunya, sannan na ƙara.

Da safe muka tsallaka gada zuwa Fotokol, ɓangaren Kamaru. Jami'in da ya karɓi fasfona da katin rigakafi ya tambaye ni da Hausarsa mai karkata me za ni yi a Chadi. Ni da gaskiyata ta malamar makaranta na ce tawada zan karɓo. Ya ajiye hatimi, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Sai da aka zazzage jakata kaf, suna neman abin da nake ɓoyewa a bayan wannan magana. Ya Falmata ta shiga tsakani da Larabcin Shuwa da hannuwa biyu, ban san me ta ce ba, na dai ga sun dube ni da tausayi sun buga hatimi. Da muka fita na tambaye ta. Ta ce, "Na ce musu karatu ne ya yi miki yawa. Gaba in an tambaye ki, ki ce ziyara."

Daga Fotokol zuwa Kusuri muka shiga wata mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya. A Kusuri na fara ganin abin mamaki: burodi dogo kamar sanda, mutum ya soke shi a hammata tsirara ba leda, ya hau babur abinsa. Mu da ko burodin naira ɗari sai an sa mana a leda biyu. Na saya don yunwa, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi, amma cikinsa da daɗi. Muka tsallaka babbar gada muka shiga Injamena, na ce ziyara, aka buga mini hatimi ba ko tari.

Ya Falmata ta kai ni masaukin baƙi na wani coci, ta wuce wurin abokan cinikinta, bisa cewa jibi da asuba akwai motar da za ta kai mu har Fotokol. Matar da ke kula da masaukin ba ta jin Hausa, ni ba na jin Faransanci, sai muka yi ta nuni. Ta kawo mini kisar, wani abu fale-fale mai tsami kamar sinasir da aka hana shi kumbura, da miyar kuɓewa. Shayinsu kuwa ja ne wur a ɗan ƙaramin kofi, sukarin da ke ciki zai ishi gidanmu kwana biyu. Wani abin da ya burge ni shi ne littattafan 'ya'yanta na makaranta: layuka ƙanana a giciye, kowane harafi da gidansa, rubutu a tsaye tsaf. Na tuna rubutun ɗalibaina, na tuna nawa, na mayar musu da littattafansu.

Washegari da hantsi ɗan kilando, wato ɗan acaɓarsu, ya sauke ni a ƙofar Malam Abdraman. Dogo ne siriri, farar jallabiya, yatsunsa uku duk tabon tawada. Mahaifiyarsa Bahausa ce, don haka Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Maiduguri. Ɗakinsa kuwa kamar kantin magani: kwalabe a jere cikin kabad mai duhu, kowace da takardarta. Na ba shi wasiƙar. Abin da ya yi ya sa na ji ya kwanta mini: sai ya juya ta ƙasa a sama, don ya ga tawadar ba tare da ya karanta sirrin mutane ba. Ya kai ta bakin taga ya daɗe yana kallo.

"Ita ce, Madam. Dubi inda alƙalami ya tsaya a ƙarshen harafi, ya fi duhu, tsakiya kuma ya yi haske. Shi ya sa muke haukacewa a kanta. An yi ta kwaikwayo, ba wanda ya samo wannan. Mahaifinki yana da hannu."

Ya ɗauko kwalba da hannu biyu, ya buɗe, na sunsuna kamar yadda aka umarce ni, ƙamshin ƙarfe-ƙarfe ne kawai. Ya tsoma alƙalami ya ja layi uku a 'yar takarda, ya miƙo mini.

Abin da na gani fari-fari ne, kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Na kara shi da wasiƙar Baba, ko kusa ba su yi kama ba. Kwana biyu a hanya, da tsoro da ramuka, a kan wannan? Ni kuma 'yar Kasuwar Litinin ce, na san man ja da aka sirka, na san zumar da aka dafa da sukari. Bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Malam, wannan ai an sirka ta da ruwa."

Bai ɗaga murya ba. Ya rufe kwalbar, ya goge bakin alƙalamin, ya mayar da komai cikin kabad. Ya ninke 'yar takardar ya sa mini a hannu tare da wasiƙar.

"Allah ya kiyaye hanya, Madam. Ki gaida mahaifinki."

Na fito ina huci, ina jin ni aka cuta. Na nemi Baba a waya, layina ba ya aiki a can. Na koma masauki na jefa takardun cikin jaka, na zauna na yi kuka mai isata, rabi don Mama, rabi don haushi. Da yamma na fita na bi shagunan takardu huɗu, kowa ya nuna mini biro.

Da gari ya waye Ya Falmata ta iso da buhunanta, mota tana jira a waje. Ina haɗa kaya sai 'yar takardar ta faɗo. Na ɗauka zan yar, sai na tsaya. Layukan nan uku sun yi duhu. Na kai bakin ƙofa na kara da wasiƙar. Ba su gama kamo ta ba, amma ko makaho ya san hanya ɗaya suka nufa. Ashe haka take: fari-fari take sauka a takarda, iska ce take nuna ta a hankali. Ni tun da nake ban taɓa ganinta ɗanya ba, sai bayan ta shekara a littafi. Baba kuwa bai faɗa ba, domin a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne, kamar a ce maka wuta tana da zafi.

Kunya ta rufe ni. Na nuna wa Ya Falmata, na gaya mata abin da na faɗa wa mutumin. Ta riƙe haɓa.

"Kai, 'yata! A ɗakinsa? Wannan ko ni aka gaya wa a kan turarena, sai an raba mu. Yanzu ya za ki yi? Direba ba zai jira ba."

Na ce, "Ku tafi, Ya. Ni ba zan koma hannu rabbana ba."

Ta yi faɗa, ta ce wa zai yi mini magana a iyaka. Da ta ga ban da niyyar motsi, sai ta rubuta mini lambar ƙanwarta ta Gamboru, ta ƙulle mini turare a ƙyalle, ta ce in kai wa tsohon, kada in je neman gafara hannu wofi.

Ƙarfe bakwai ina ƙofarsa. Aka ce yana karyawa. Takwas aka ce yana karatu. Na zauna a dakalin ƙofar gida, rana ta taso ta same ni, na matsa inuwa, inuwar ta gudu, ban tashi ba. Sai wajen sha ɗaya ya leƙo. Na durƙusa har ƙasa yadda ake yi wa iyaye a garinmu, na ɗaga 'yar takardar sama da hannu biyu.

"Malam, na yi maka ƙazafi a ɗakinka. Jahilci ne, ban san tana nuna ba. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma kada laifina ya shafi tsohon da ke jira."

Ya karɓi takardar ya duba, na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Na san za ta yi miki bayani da kanta, shi ya sa na ba ki. Abin da ban sani ba shi ne ko za ki dawo. Tashi, Madam, ƙasa da zafi."

A ciki ya gaya mini al'adarsu. Ba sa sayar wa juna irin wannan, sai dai a ɗiba wa mutum kaɗan, shi kuma ya bar shafi ɗaya na rubutun hannunsa. Ya buɗe wani babban fayil cike da rubutun mutane, da Larabci da Faransanci da wasu harsunan da ban sani ba. Ya miƙo mini alƙalami. Na danna shi yadda nake danna biro, bakin ya buɗe, tawada ta yi tabo kamar ƙudan zuma. Ya yi salati ya karɓe abinsa. Sai da ya koya mini riƙo, ba dannawa, a bar shi ya yi tafiyarsa, sannan na rubuta sunan Mama da na garinmu da dalilin zuwana. Ya dubi shafin ya ce zai ajiye shi a matsayin jingina, har mahaifina ya aiko da na gaske. Ya sa sirinji ya ɗebi tawadar cikin 'yar kwalba kamar ta turare, ya naɗe bakin da zare, ya karɓi turaren Ya Falmata da murna.

Dawowa ta ɗauke ni kwana uku. Na sa 'yar kwalbar cikin kofin fulas, na cusa auduga, na rungume a cinya kamar jinjiri, duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga ta sama. A wani shinge bayan Gamboru wani soja ya ce maganin tari ne irin wanda matasa ke sha. Na ce ya ba ni takarda. Na tsoma tsinke na rubuta masa "sannu da aiki", ya ce ai wannan ruwan shayi ne. Na ce ya ajiye zuwa gobe ya gani. Ya yi dariya ya sa a aljihu, ya ce in wuce.

Na iso Moduganari da yamma. Baba ya sunsuna kwalbar, ya ce sai da safe. Da safen kuwa, karo na farko a rayuwata, bai rufe ƙofa ba. Ya ce in zauna. Ya wanke alƙalamin, ya shayar da shi, ya buɗe littafin, amma sai ya yi ta laluben shafin. Ni na kama yatsansa na ɗora a kan layin da ba kowa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takarda, ya rubuta sunan Mama cikakke, da sunan mahaifinta, da ranar da ta tafi.

Ya ɗago ya ce, "Ya fito? Ni ban ga komai ba."

Na ce, "Ya fito, Baba. Fari-fari ne tukuna, zai nuna."

"Wa ya gaya miki tana nuna?"

"Na biya kuɗin makaranta a Injamena."

Ya rubuta wa Malam Abdraman shafinsa a wannan zaman, na kai wa Alhaji Sani ya aika. Bayan kwana huɗu sunan Mama ya yi duhu, ya zama ɗaya da na iyayenta da na 'ya'yanta. Na kai littafin bakin taga, Baba ya juya shi dama da hagu, ya ce yana ganin wani abu kamar inuwa. Na karanta masa, ya sa na sake karantawa. Sannan ya laluba ya ɗauko 'yar kwalbar ya miƙo mini.

"Duba mini. Abin da ya rage zai kai layi ɗaya?"

"Zai kai goma, Baba."

"Ɗaya nake tambaya."

Na gane layin da yake nufi. Na ce zai kai.

Ya zare alƙalamin daga aljihunsa ya sa a tafin hannuna, ya rufe yatsuna a kai.

"To ki fara koyo tun yanzu, da shuɗiyar nan da kika sayo. Na san rubutunki tun kina aji uku. Ba zan kwanta kusa da uwarki da wannan tafiyar kazar ba."

Shi ya sa masu tambaya kuke ganin yatsuna da tabo kwanan nan. Kullum da safe kafin in tafi makaranta ina cika shafi ɗaya, yana zaune a gefe yana sauraron ƙarar bakin alƙalami. In na danna, yana ji, sai ya ce in sake.